Tsarabar da Ta Hana Yaya Sale Zuwa Gida

Tun da na dawo daga Abuja 'yan layinmu na masu hatsi a kasuwar Funtuwa suka hana ni sakat. Wannan ya ce, "Hamisu, da gaske ne titinsu ko tsinke babu?" Wancan ya ce, "Ka ga gidan Yaya Sale? Benen hawa nawa ne?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau na je na dawo, in ci gaba da awona. To, na gaji da kewaye-kewaye. Na nemi izinin Yaya Sale, ya ce in faɗa duka. Ga shi nan, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, a ƙyale ni haka nan.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ce jikinta ya yi tsanani bayan damina, ƙafafu suka kumbura, abinci ya koma sai ɗan kunu da madara. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta kama bakin rigata ta ce, "Ka je ka zo min da Sale. Ba waya na ce ka buga ba. Ka je da ƙafarka ka zo min da shi."

Yaya Sale shi ne babbanmu. Wanda ya san gidanmu ya san irin zuwan da yake yi a da. Kowace Sallah mota cike taf, but ba ya rufuwa sai an ɗaure da igiya, ga atamfa, ga madara, ga sabulu mai ƙamshi, har maƙwabta sai sun samu rabonsu. Yara su rugo suna ihu, "Ga Na-Abuja! Ga Na-Abuja!" Sai zuwan ya fara ja da baya. Bana aiki ya yi yawa, baɗi hanya ba kyau. Sallah ta bi Sallah, ba ma samun komai nasa sai murya a waya. Mu a gida muka yanke cewa Abuja ta cinye shi, ya girma ya manta da mu. Da wannan fushin na shiga mota, har na tanadi maganganun da zan gaggaya masa.

Inna duk da halin da take ciki ba ta bar ni na tafi haka ba. Ta sa aka ƙulla kuka da daddawa a leda, wai a kai wa Sale, ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana. Wannan daddawa ita ta zame min fitinar hanya. Ba mu kai Zariya ba wani saurayi mai tabarau ya fara toshe hanci yana tambayar wa ya shigo da mushe. Na ce masa da ita aka yi miyar da ta raine shi, in ya manta ya koma gida ya tambaya. Mota ta ɗauki dariya, shi kuma bai sake kallona ba har muka rabu.

Bayan Kaduna dariya ta ɗauke. Akwai wani dogon daji da in an shiga kowa yake shiga taitayinsa, ku ma kun san dalili. Direba ya kashe rediyo. Ni na ciro carbi, matar da ke gefena, wata Kirista mai sayar da gwanjo, ta rufe ido tana motsa baki. Da muka fito lafiya ta ɓare gyaɗa ta miƙo min, muka ci tare kamar mun daɗe da sanin juna. A shingen da ke bakin shiga Abuja aka sauke mu da kayanmu. Wani mai kaki ya kwance ledata, ya kai hanci, ya yi baya da sauri ya ce, "Oga, wannan abinci ne ko makami?" Ya ɗaure min ita da kansa ya ce in wuce.

Sai da muka bar Kaduna na buga wa Yaya Sale na ce ga ni tafe. Ya ce in sauka a Zuba, kada in shiga gari. Na ɗauka direba zai turo. Ina tsaye a tasha ina leƙen motoci masu baƙin gilashi, sai na ji an dafa kafaɗata. Na juyo na ga wani dattijo ramamme, rigarsa a goge tsaf amma wuyanta ya ci, da silifas a ƙafa. Wallahi sai da ya ce "Hamisu" na gane shi. Duk maganganun da na tanada suka bi iska.

Ba Kubwa muka nufa ba, inda na san yana da gida mai falo. Tungan Maje muka je, bayan Zuba kaɗan, gidan haya na wani tsohon Bagwari manomin doya, ɗaki ɗaya a ƙurya. Katifa a ƙasa, risho, buta, da akwatin nan nasa na da. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, nan ya faɗa min komai. Kamfanin gine-ginen da yake riƙe wa sito ya rufe da daɗewa. Mota ta tafi, gidan Kubwa ya gagara biya, matarsa da yara suna wurin iyayenta har abubuwa su daidaita. Shi kuma yana gadin wani filin ajiye motoci a Jabi. Na zauna a bakin katifa na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, har da haushin da ban san wa zan ɗora wa ba.

Maƙwabciyarsa, Maman Rifkatu, 'yar wajen Jos ce, tana shara a wani ofis a cikin gari. Da ta ji an yi baƙo ta aiko da kwano cike da gwaten acca, ganye da gauta sun fi hatsin yawa. A gida da an ba ni wannan sai in ce na marar lafiya ne, amma na sha na suɗe cokali. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu fa, ƙanin oga Sale. Wannan yayanka ba ta da wahala da kowa. Ko ruwa ka ba shi, sai ta yi godiya har ka gaji."

Da ta tafi na faɗa masa saƙon Inna, yadda ta faɗa, ban sassauta ba.

"Zan je," ya ce. "Amma ba haka ba." Ya buɗe min tafin hannuwansa biyu.

"Yaya, Inna kai take so, ba kaya ba."

"Inna ba ta son kaya. Ƙofar gida fa? Yaran da za su rugo fa, in ce musu me? Ka bar ni zuwa Asabar."

Ya jawo akwati ya fito da wani gwangwanin alewa, ya buɗe. Cike yake da 'yan takardu masu launi. Akwai wani katafaren kanti kusa da inda yake gadi, in mutum ya yi sayayya sai a haɗa masa da irin waɗannan takardu. Kowace da hoton kaya a jiki, sabulu ko sukari ko madara, in ka dawo da ita sai a rage maka kuɗin wannan kayan. Takardar rangwame suke ce mata, masu turanci su ce kufon. Masu hali ba sa damuwa da su, a filin mota suke yar da su, shi kuma ya bi ya tsince. Maman Rifkatu ma tana kawo masa na ofishinsu. Tun kafin azumi yake tarawa, kuma ranar Asabar rangwamen zai ƙare. Da su da albashin watan da ya shigo, ya ce, za su cika jaka.

"Jaka ɗaya kawai, Hamisu. In shiga gidanmu da jaka ɗaya, shi ke nan."

Na so in yi gardama, na ga ba wurinta ba ne. Na ce Allah ya kai mu.

Ranar Asabar tun da safe ya baje takardun a kan katifa yana jerawa, na sabulu gefe guda, na shayi gefe guda, waɗanda suka yage ya ware. Na ce ai can ma sai a jera. Ya ce a'a, ba a jera takarda a gaban mai karɓar kuɗi, mutane na tsaye a bayanka. A cikin bas, muna matse kamar buhunan masara tare da ma'aikatan da ke shiga gari, ya yi ta karanta min dokokinsa a kunne. Mai takarda yana daɗewa a kan layi, don haka ya ba mai ɗan kaya hanya. Kada ya kwashe kaya duka don ya ga araha. In na'ura ta ƙi takarda, kada a yi musu, yarinyar ba ita ta kafa dokar ba. Na ce, "Yaya, sayayya za mu je ko neman aure?" Bai yi dariya ba.

Kantin nan, ku da kuka saba da rumfa, ba zan iya kwatanta muku shi ba sai dai in ce sanyi kamar cikin randa, kuma babu mai ce maka sannu da zuwa. Kowane kaya an manna masa kuɗinsa. Babu tayi, babu albarka, babu "ƙara dai Alhaji," balle gyara. Mu da mai saye zai zauna a kan buhunka, ku gaisa, ku tambayi iyali, ku ja ku saki har ku daidaita, can mutum da kwandonsa ne kawai, kamar kowa na fushi da kowa.

Muka fara zagaye. Da muka zo wurin sabulu, 'yan ƙalilan suka rage, kuma takardunsa sun isa ya kwashe duka. Ya ɗauki rabi ya bar rabi. Na ce Yaya, yau fa rana ta ƙarshe. Ya ce, "Shi ya sa. Wani yana cikin bas yanzu da tasa takardar." Ya ɗauki sukari, ganyen shayi, man shafawa na ƙannenmu mata, alewar yara. Na ƙarshe ya ɗauko babban gwangwanin madara, irin wadda ya saba kai wa Inna, ya shafa murfin da hannun riga kafin ya sa a kwando.

Layi kuwa, nan na ga ikon Allah. Mun kusa kaiwa, wata mata ta zo da burodi ɗaya, ya ce, "Bismillah, wuce, ni zan daɗe." Wani tsoho da ruwan roba, wuce. Wata mai ciki, wuce. Wasu 'yan mata da ko godiya ba su yi ba, su ma wuce. Ƙafafuna suka yi tsami. Da farko na ɗauka kara ce kawai irin tasa, don tun muna yara haka yake, shi ne na ƙarshen sa hannu a kwano. Daga baya na lura ba ya matsawa gaba sai ya waiga ya ga babu kowa a bayanmu. Kara ce, amma da rufin asiri a cikinta.

Da layi ya yi fili ya matsa. Ya gaida yarinyar da ke kan na'ura, ya tambaye ta aiki, ya miƙa mata takardun a jere da hannu biyu. Ta san shi, ta yi murmushi. Sabulu ya wuce, sukari ya wuce, shayi ya wuce. Da ta zo kan madara na'ura ta yi ƙara. Ta sake gwadawa, na'ura ta sake yi.

"Baba, sori," ta ce a hankali. "Wannan takarda na matsakaicin gwangwani ne, kuma shi ya ƙare tun jiya. Mashin ba zai karɓa a kan babba ba."

"Ba komai, 'yata. Ajiye shi gefe."

Ajiye shi gefe! Abu ɗaya da Inna ke iya haɗiya, abu ɗaya a kwandon nan da yake nata. Ni ɗan kasuwa ne, tun ina yaro nake ciniki, ban taɓa ganin an ce a'a sau ɗaya mutum ya juya ba. Na matsa gaba.

"Ajiye me? Yarinya, madara ai madara ce. Ki rage abin da takarda ta ce, mu cika sauran."

"Oga, ba ni ba ne, mashin ne."

"To a kira mai mashin ɗin! Mu a kasuwarmu ko kwano ɗaya ka auna sai an yi maka gyara."

Yaya Sale ya ja hannun rigata. "Hamisu, rage murya."

Ban rage ba. Idon yarinyar ya kawo ruwa, mutane suka fara taruwa a bayanmu, wani ya yi tsaki, tsakin nan kuwa shi ya ƙarasa ni. Na juya na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Bawan Allah ya yi wata da watanni yana tsintar takardun nan a ƙasa don ya kai wa uwarsa marar lafiya madara, sannan a ce mashin?"

Baki shi ke yanka wuya. Sai na ji wata murya daga layin gefe, da Hausar gida tsantsa: "Yaya Sale?"

Nasiru ne, ɗan Hajiya Kulu, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Lokacin da ya gama makaranta Yaya Sale ne ya sauke shi a Kubwa, ya ciyar da shi, ya samo masa aikinsa na farko. Ga shi nan cikin shadda, da makullin mota a hannu da keken kaya cike. Ya rusuna har ƙasa ya gaishe shi. Ba zan ɗora masa laifi ba, da zuciya ɗaya ya yi. Ya ce wa yarinyar, "Bar takardun nan, haɗa duka da nawa, har madarar."

Na kalli Yaya Sale. Fuskarsa ba ta canja ba. Ya tambayi Nasiru iyali, ya tambaye shi aiki, ya sa masa albarka. Sannan ya ce, "Na gode, Nasiru. Bar shi, na fasa ne." Ya juya wurin yarinyar ya ce, "Ki yi haƙuri da mu, 'yata, mun ɓata miki lokaci. Ki soke, ki sallami mutane." Ya karɓi takardunsa, ya mayar da kayan cikin kwando da kansa.

Abin da ya yi bayan nan shi ne har yau yake hana ni sukuni. Bai ajiye kwandon nan ya fita ba, kamar yadda ni zan yi. Ya bi layi-layi yana mayar da kowane kaya inda ya ɗauko shi, don kada ma'aikata su sha wahala. In ya ajiye sabulu sai ya saƙale takardar sabulu a gefensa, in ya ajiye sukari ya saƙale ta sukari, saboda mai zuwa. Ina biye da shi ina cewa Yaya, Yaya, bai ko waigo ba. Ya mayar da madara ya gyara mata zama, ya kai kwando inda ake tarawa, ya fita.

Nasiru ya tare ni a bakin ƙofa, na faɗa masa halin da Inna ke ciki. Ya koma ya cika jaka da irin kayan, har da babban gwangwanin, ya danƙa min. Na karɓa. Har yau ban ga abin da ya sa ba zan karɓa ba. A tashar Jabi na tarar da Yaya Sale yana jirana. Ya kalli jakar sau ɗaya, muka shiga bas zuwa Tungan Maje.

A ɗaki na ce, "To, ga jaka ta samu. Gobe mu kama hanya."

"Ka kai mata," ya ce. "Ni ba zan bi bayan kayan wani in shiga gidanmu ba. Kafin mu kai Kaduna Hajiya Kulu ta ji, kafin mu kai Zariya unguwa ta ji. In sauka ana leƙena ta katanga?"

Na roƙe shi. Na yi masa faɗa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Maman Rifkatu ta shigo ta sa baki, ta ce, "Oga Sale, mama guda ɗaya ne fa, ba a sayen shi a kanti." Ya yi mata godiya, ya ce ƙarshen wata zai je, in ya sake karɓar albashi. Da safe ya raka ni Zuba, ya riƙe min jakar har bakin mota. Na ce masa Inna ba ta da ƙarshen wata. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na dawo ban san yadda muka wuce dajin nan ba, ko carbi ban ciro ba. Ina sauka yara suka rugo, "Tsarabar Na-Abuja!" Na shiga ɗakin Inna na ajiye jakar. Ba ta kalle ta ba, ƙofar da ke bayana take kallo. Da ta ga babu mai shigowa ta ce, "Wa ya aike ka kaya?"

Na fara shirya mata zancen aiki ya riƙe shi. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Tun shekarar da ya daina tambayata me zai kawo min na san ba shi da shi. Ni na haife shi. Ka ce masa ya zo, ko riga babu a wuyansa."

Na buga masa nan take na faɗa masa. Na ji yana kuka, babban mutum, a bakin titi, motoci na wucewa. Ya ce zai nemi wanda zai riƙe masa gadi, ranar Juma'a yana tafe. Inna ba ta kai Juma'a ba. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa, kafin azahar mun kai ta.

Yaya Sale ya iso ranar bayan la'asar, a motar haya, da rigar nan mai cin wuya, hannu rabbana. Yara ba su rugo ba. Babu wanda ya kalli hannunsa, don ba a tambayar mai makoki tsaraba. Hajiya Kulu ta shigo gaisuwa ta ce, "Sannu Na-Abuja, ya haƙuri? An baro manyan ayyuka." Ashe Nasiru ko uffan bai ce wa uwarsa ba.

Washegari da safe mata suka dafa wa masu zaman makoki shayi. Inna ba ta yarda an buɗe madarar ba tana raye, sai ranar aka fasa ta. Aka kawo gwangwanin zaure aka ajiye a tsakiyar tabarma, aka miƙa wa Yaya Sale kofi. Ya gane gwangwanin. Ya riƙe kofin nan har ya huce, bai kai baki ba.

Masu tambayar titi, e, yana da tsabta. Masu tambayar bene, kun ji amsarku. Ran da zai koma na ce masa mutane sun dame ni da tambaya, me zan ce musu? Ya buɗe tafin hannuwansa, kamar yadda ya buɗe min su a Tungan Maje, ya daɗe yana kallonsu.

"Faɗa musu duka," ya ce. "Da na zo da su haka ran nan, da ta riƙe su."